A zana fasalin bayanai kafin a sayi manhaja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, alhali kuwa ya shiga rayuwar kowa a Sakkwato, tun daga mai yankar kati a asibiti har zuwa manomin da ake rubuta sunansa domin rabon taki. Al'amarin shi ne yadda ake tsara fasalin bayanai kafin a zuba su cikin rumbun bayanai na kwamfuta. A 'yan shekarun nan makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ofisoshi suna ta barin rijistar takarda suna komawa na'ura, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai na lura cewa duk lokacin da aka zauna shawara, abin da ake fara tambaya shi ne wace manhaja za a saya da kuma nawa ne kuɗinta, alhali akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan zuwa: waɗanne abubuwa ne muke son mu riƙe labarinsu, kuma mece ce alaƙar da ke tsakaninsu?

Matsayin wannan aiki kamar awon da tela yake yi ne kafin ya sa almakashi a yadi, domin idan aka yanka ba daidai ba, kyan keken ɗinki ba zai gyara rigar ba. Masana sun kasa shi mataki uku. A mataki na farko babu ruwan kowa da kwamfuta, zama ake yi da mutanen da suke aikin a lissafa abubuwan da suke hulɗa da su. A ɗakin shan magani, misali, akwai majiyyaci, akwai zuwan da yake yi lokaci bayan lokaci, akwai ma'aikacin da ya duba shi, akwai maganin da aka rubuta masa, kuma kowanne daga cikinsu abu ne mai zaman kansa. A mataki na biyu ana mayar da waɗannan abubuwa jadawali-jadawali, a faɗi guraben da kowane jadawali zai ƙunsa, a zaɓi lambar da za ta bambanta wannan layi da wancan. Sai a mataki na uku ne ake zancen manhajar da za ta riƙe bayanan, ko MySQL ce ko PostgreSQL ko Oracle, da girman da kowane gurbi zai ɗauka, da dabarun da za su sa bincike ya yi sauri. Abin da na sha gani shi ne a tsallake na farko da na biyu a faɗa na uku, sai a wayi gari an biya kuɗi an karɓi manhaja, amma magatakarda yana nan riƙe da tsohuwar rijistarsa a aljihun tebur, saboda na'urar ba ta da wurin rubuta abin da yake gani kullum.

Hanyoyin tsara bayanai suna da yawa, kuma kowace an ƙirƙiro ta ne domin wata matsala da ta dami mutane a zamaninta. Ɗaya daga cikin mafi tsufa ita ce tsarin bishiya, inda kowane abu yake da uba guda ɗaya a samansa. Kamfanin IBM ya gina rumbunsa mai suna IMS a kan wannan tsari, ya fara aiki a 1968, domin lissafin dubban sassan da ake haɗawa a shirin kumbon Apollo na Amurka. Tsarin yana dacewa da abin da ya zo hawa-hawa, kamar jiha da ƙananan hukumominta 23 da mazaɓun da ke ƙarƙashin kowace. Amma da zarar an zo kan mutumin da yake kwana a Sakkwato ta Kudu, yake noman rani a Kware, yake kai kayansa kasuwar Illela, sai bishiyar ta rasa reshen da za ta rataye shi. Irin wannan ƙunci ne tsarin raga ya kauce masa, wanda Charles Bachman ya yi fice a kansa tun farkon shekarun 1960 yana aiki a kamfanin General Electric, inda abu ɗaya yake iya ƙulluwa da abubuwa da yawa. Matsalarsa ita ce dole mai rubuta manhaja ya san hanyar da zai bi daga ƙulli zuwa ƙulli kafin ya iso ga amsa, kuma idan aka taɓa fasalin sai an sake rubuta manhajar.

A 1970 ne Edgar Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki da IBM a Kalifoniya, ya kawo tsarin da har yau ya fi kowane yaɗuwa, wato tsarin jadawali masu dangantaka. Ya ce a ajiye komai a jadawali mai layuka da gurabe, a haɗa jadawali da jadawali ta hanyar lambobin shaida, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanyar da za ta bi. Daga nan Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen tambaya a 1974, wanda ya zama SQL, aka kuma kafa masa ƙa'ida a hukumance a 1986. Babban darasin Codd shi ne kowace gaskiya a rubuta ta wuri ɗaya tak, kuma wannan shi ne darasin da muka fi sakaci da shi.

Na taɓa duba lissafin wata ƙungiyar masu sayar da albasa a cikin garin nan, wanda suke ajiyewa a Excel. Duk lokacin da memba ya biya kuɗin wata, sai sakatare ya buɗe sabon layi ya sake rubuta sunansa da lambar wayarsa da ƙauyensu. Mutum ɗaya ya fito a matsayin Muhammad a wani layi, Muhammadu a wani, Mohammed a wani, Moh'd a wani, har da Mamman, kuma da aka zo tara abin da kowa ya biya sai na'ura ta ɗauke shi mutum biyar, kowanne da bashi a kansa. Lambobin waya kuwa duk sun rasa sifirin farko, domin Excel ya ɗauke su adadi ne na lissafi, shi kuma adadi ba ya farawa da sifiri. Maganin bai buƙaci sayen komai ba. An ware jadawalin membobi daban, kowane memba da lamba guda, an ware jadawalin biya daban, inda ake rubuta lambar memba da ranar da adadin kuɗi kawai. Kada wani ya ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bayyana cewa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya ɓace mata daga rahoto na wasu kwanaki, saboda an yi amfani da tsohon fasalin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Excel kayan aiki ne mai kyau wajen lissafi, amma ba a yi shi domin ya zama rumbun bayanan jama'a ba.

Hanyar da na fi so matasanmu su riƙe da kyau ita ce zanen abubuwa da alaƙarsu, wanda Peter Chen ya gabatar a 1976. Ana zana akwati ga kowane abu, a ja layi tsakanin abubuwan da ke da alaƙa, a nuna ko alaƙar ta ɗaya da ɗaya ce, ko ta ɗaya da yawa, ko ta yawa da yawa. A salon da aka fi amfani da shi yanzu, ana sa wata alama mai yatsu uku da ake kira ƙafar hankaka a ƙarshen layin da ke nufin yawa. Akwai kuma wani salon zane da ake kira UML, wanda aka amince da shi a 1997, da masu rubuta manhaja suka fi sabawa da shi. Amfanin zanen shi ne ungozoma ko hedimasta ko sarkin kasuwa zai iya duba shi ya gane, ko da bai taɓa kunna kwamfuta ba, ya ce wannan layin ƙarya ne, a wurinmu ba haka abin yake ba. Wannan gyaran da zai yi da fensir a cikin minti biyar, idan aka bari sai bayan an gina manhaja, zai ci watanni da kuɗi masu yawa.

A nan ne zancen ya fi damuna, Malam Edita, domin mafi yawan manhajojin da ake kawo mana an zana fasalinsu ne a kan rayuwar wasu mutane daban. Ɗauki suna. Fom ɗin yana neman sunan farko da sunan dangi, alhali Bahaushe yakan ɗauki sunan mahaifinsa ne, ko na kakansa, ko na garinsu. Marigayi Shugaba Shehu Shagari da sunan garinsu aka san shi, haka dubban mutane suke amsa Gwadabawa ko Tambuwal ko Wurno ko Bodinga ba tare da sun haɗa jini da juna ba, kuma 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya suna iya fitowa da suna na biyu daban-daban. Rumbun da ya ɗauka cewa masu suna na biyu iri ɗaya dangi ne zai haɗa baƙi ya raba 'yan'uwa. Ga kuma laƙabi da sunan rana da sunan sarauta, waɗanda sau da yawa da su ne kaɗai za a iya samun mutum a unguwarsu. Fasali mai kyau yana ba mutum lamba guda, sannan ya buɗe jadawalin sunaye inda mutum ɗaya zai iya samun suna fiye da ɗaya, kowanne da bayanin irinsa.

Ɗauki iyali kuma. Na ga fom da ya bar gurbi ɗaya tak ga matar aure, a ƙasar da magidanci yake iya zama da mata har huɗu. Idan aka jingina yara ga uba kaɗai ba a ƙulla kowane yaro da mahaifiyarsa ba, ma'aikaciyar rigakafi ba za ta san ɗakin da za ta shiga ba. Akwai yaron da ke hannun goggonsa riƙo, akwai almajirin da ke gaban malaminsa iyayensa suna wata ƙaramar hukuma, akwai gida ɗaya mai ƙofa ɗaya da magidanta huɗu a ciki, wasu suna ci daga tukunya ɗaya wasu kowa da tasa. Kafin a rubuta kalmar gida a jadawali dole a zauna a yanke abin da ake nufi da ita, in ba haka ba ma'aikata biyu za su shiga unguwa ɗaya su fito da adadi biyu. Haka gona take. Mai ita daban, mai noma ta bana daban, domin akwai aro da haya da jingina, ga gonar gado da magada goma suke da haƙƙi a ciki ba a raba ba tukuna. Alaƙar mutum da gona ta yawa da yawa ce, kuma tana sauyawa daga damina zuwa damina, saboda haka tana buƙatar jadawali na tsakiya da zai faɗi wane ne, wace gona, a wane matsayi, daga yaushe zuwa yaushe. Rijistar manoma da ba ta da wannan za ta kai taki ga wanda yake zaune a birni, ta bar wanda yake riƙe da fartanya.

Ranar haihuwa ma haka. Dattawa da yawa shekara suka sani, ko wani abu da ya faru a lokacin, amma na'ura tana tilasta a cika rana da wata, shi ya sa rijistocinmu suka cika da mutanen da aka ce an haife su ranar 1 ga Janairu. Manhajar OpenMRS, da ake amfani da ita a asibitocin ƙasashen Afirka da dama, ta tanadi gurbin da ke nuna cewa ranar haihuwar ƙiyasi ce, kuma wannan ƙaramin gurbi ya raba gaskiya da zato. A kasuwa kuma, buhun albasa ba girmansa ɗaya ba, mudu ma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma a Illela ciniki yana iya kasancewa da naira ko da sefa, don haka adadi ba ya da ma'ana sai an ajiye shi tare da ma'auninsa da irin kuɗin da ranar. Sannan ga haruffanmu masu ƙugiya. Manhajar MySQL ta daɗe tana zuwa da tsarin haruffan Turai ta Yamma a matsayin na asali, sai a fitowarta ta 8.0 a 2018 aka mayar da shi cikakken UTF-8, tsarin da ya ƙunshi har da haruffanmu masu ƙugiya da na Larabci, kuma duk rumbun da aka kafa a kan tsohon tsarin yakan mayar da harafin farko na Ɗanladi ko Ƙasimu alamar tambaya. Wanda zai adana rubutun ajami kuwa, wannan zaɓi shi ne farkon abin da zai duba.

Ba kowace tambaya ce jadawalin Codd ya fi dacewa da ita ba. Shugaban da yake son ya ga yawan masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata a kowace ƙaramar hukuma ba ya buƙatar sunan kowane majiyyaci, adadi yake nema. Domin irinsa aka yi fasalin tauraro, wanda Ralph Kimball ya yaɗa a shekarun 1990, inda jadawalin adadi yake tsakiya, jadawalan lokaci da wuri da nau'i suna kewaye da shi. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagorantar ginawa kuma Nijeriya take tattara rahoton cibiyoyin lafiya da ita, a kan tunani mai kama da wannan take: kowane adadi yana amsa tambaya uku, mene ne, a ina, kuma yaushe. Daga shekarun 2000 kuma manyan kamfanonin intanet suka fito da rumbunan da ake kira NoSQL, wato waɗanda ba su bi tsarin jadawalin Codd ba, saboda yawan bayanansu ya fi ƙarfin na'ura ɗaya. Facebook ya saki Cassandra a 2008, MongoDB ta fito a 2009 tana ajiye kowane abu a matsayin takarda guda mai ɗauke da duk bayaninsa. Akwai kuma irin su Neo4j da ke ajiye ƙulli da zaren da ya haɗa su, kuma ina ganin wannan zai yi wa masu nazarin tarihinmu amfani ƙwarai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, shi kuma ya karantar da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u, ita kuma ta kafa 'Yan Taru da jajinsu, wato malamansu mata, suka kai ilimi ƙauyuka. Tambayar ta wace silsila karatu ya iso daga wannan malami zuwa wancan, tambaya ce ta bin zare, kuma irin wannan rumbu yana amsa ta cikin sauƙi.

Duk da haka ina so in faɗa wa matasanmu gaskiya. Na ga ɗalibai suna zaɓar MongoDB domin aikin rijistar makaranta mai ɗalibai 'yan ɗaruruwa, dalilinsu kawai shi ne ita ake yayi, kuma ba ta tilasta su zana komai tun farko. Rashin tilastawa bai kawar da fasalin ba, ya dai ɓoye shi ne a cikin manhajar da kuma cikin kan wanda ya rubuta ta, ranar da ya tafi bautar ƙasa ya tafi da shi. A ganina mafi yawan ayyukan da muke da su a jihar nan, na makaranta da kanti da asibiti da ƙungiya, jadawali masu dangantaka sun ishe su har da saura.

Kayan zanen ba su ne matsalarmu ba, domin suna nan birjik. Manyan kamfanoni suna sayen erwin ko ER/Studio da kuɗi masu nauyi. MySQL Workbench kyauta ce, tana mayar da zane ya zama jadawali, tana kuma iya karanta rumbun da aka riga aka gina ta fito da zanensa. Akwai pgModeler ga masu PostgreSQL, kamfanin Oracle yana ba da nasa kayan zanen kyauta, DBeaver tana nuna fasalin rumbuna iri-iri, draw.io kuma ta isa ga wanda zane kawai yake so. Ga wuraren da wuta da intanet ba su da tabbas, SQLite tana aiki a cikin wayar hannu ba tare da haɗi da ko'ina ba, haka ODK da KoboToolbox suna karɓar bayani a ƙauye su aika idan an samu sabis. Amma zama na farko da ma'aikata, allo da alli ko takarda da fensir sun fi dukansu, domin mutum ba ya jin nauyin goge abin da aka zana da alli, alhali yakan yi shiru idan ya ga abu ya fito tsaf a fuskar kwamfuta.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawan bi, wato a ɗauki lambar NIN ko BVN a mayar da ita mabuɗin kowane jadawali, wato lambar da ke bambanta wannan layi da wancan, tunda kowacce lamba 11 ce da ba ta maimaituwa. Ina ba da shawarar a guji haka. Jaririn da aka haifa yau ba shi da ita, baƙon da ya tsallako daga Birnin Ƙonni neman magani ba shi da ita, kuma yawo da ita a kowane jadawali yana jefa sirrin mutane cikin haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin kada ya karɓi fiye da abin da yake buƙata, ya kuma tsare abin da ya karɓa. A wurin zane ne ake yanke wane gurbi ne ya zama dole, wane ne za a ɓoye, wane ma'aikaci ne zai ga me.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyi, duk wanda zai ba da kwangilar manhaja ya sa a cikin yarjejeniya cewa sai an kawo zanen fasalin bayanai da ƙamus ɗin da ke bayyana ma'anar kowane gurbi, ma'aikatan da za su yi amfani da ita sun duba sun amince, kafin a biya kashi na biyu na kuɗin. A kuma rubuta cewa bayanan da zanen mallakar mai ba da aikin ne, kuma za a iya fitar da su a kai wata manhaja duk ranar da aka so. Malamanmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kuma ina roƙonsu su riƙa tura ɗalibai Kara da Babbar Kasuwa da fadamun Wurno da Goronyo, su zauna da dillalai da manoma su zano yadda cinikin dabbobi da bashin iri da rabon ruwan noman rani suke tafiya, su dawo aji su kare zanensu a gaban 'yan'uwansu da Hausa da Turanci, sannan a ba su izinin buɗe kwamfuta.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani malamin koyar da ilimin kwamfuta,
Mabera, Sakkwato.